Jirgin da Hajiya Sauda Take Nufi

A duk unguwar Parkchester, can ƙasar Turawa, babu Bahaushen da bai ji yadda Malam Zailani ya yi yaƙin Laberiya a jirgin sojan ruwa ba. A bakinsa igiyar ruwa ta fi benen da yake gadi tsawo, kuma kullum ƙara tsawo take yi. Har Kaftin ake ce masa, bai taɓa cewa a bari ba.

Mutum ɗaya ce labarin bai girgiza ba, kuma ita yake son aure: Hajiya Sauda, wadda mijinta ya rasu, mai aikin kula da tsofaffi. Ya kai ƙoƙon bara tun azumin 2014, ta ce tana tunani.

Ran nan ta kira shi ta ce, "Kaftin, ran Lahadi ka raka ni mu shiga jirgi, a can zan ba ka amsa."

Ya amsa da rawar jiki. Shi a zatonsa jirgin ƙasa mai lamba shida take nufi, wanda ke wucewa ta unguwarsu. Shi suka hau kuwa, suka sake wani, sai ga su a bakin teku gaban katafaren jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin Staten Island.

Zailani ya ja ya tsaya turus. Gaskiyar magana, yaƙin ya je shi, amma a kicin ya yi shi, rungume da bokiti. Ɗan Kazaure ne da bai san ruwan da ya wuce na kududdufi ba. Daga Legas har Monrobiya amai yake yi, abokan aikinsa ma Bokiti suke kiransa.

Jirgi na tashi cikinsa ya tuna da tsohon aikinsa. Turawa na ɗaukar hoton wani katafaren gunkin mace mai riƙe da fitila da ke tsaye a tsakiyar ruwa, shi kuwa Kaftin ya cire hular zanna da ya saya don wannan rana, ya kifa kai a ciki. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san ya rasa ta.

Hajiya Sauda ba ta yi dariya ba. Ta dafa masa goshi kamar yadda take yi wa tsofaffinta, ta miƙa masa ruwa.

"Haka ka yi yaƙin?"

"Haka, Hajiya," in ji shi a wahalce. "Amma tuwo bai taɓa makara ba. Har 'yan gudun hijirar da muka kwaso sun ci sun ƙoshi."

Sai ta ce, "Da wannan ka fara ba ni, da tuni an ɗaura. Ka turo manyanka wurin yayana."

Zailani ya ɗago, ido jawur, zai yi godiya.

"Riƙe hularka tukuna, Malam," in ji ta. "Komawar ma ta ruwa ce."