Gashin Ursula na Yesu Ne

Ranar da na ga ƙwarƙwata ta farko a kan 'yata Ursula, saura kwana goma sha tara bikin Yesu Banazare. Sai na zauna a bakin gado.

Tana da wata takwas ciwon ƙirji ya kusa raba ni da ita. Na durƙusa gaban siffar Yesu da aka sassaƙa a cocinmu na yi bakance: in ya bar mini ita, almakashi ba zai taɓa kanta ba sai ranar bikinsa a shekararta ta biyar, a yanke gashin a saƙa wa siffar sabuwar hular gashi. Ya cika nasa. Saura nawa, ga gashin yanzu ya sauko har ƙugunta.

Matsalar ita ce Sista Teofila. Ita ke riƙe da gidan abincin da sistocin coci suka buɗe a unguwarmu, inda yara sittin ke cin miyar dankali da shinkafa kullum. Nan nake barin Ursula in tafi wankau. Dokar Sista ɗaya ce: yaron da aka kama da ƙwarƙwata, tal-kwabo, mace ko namiji. Almakashinta na rataye a ɗamararta kusa da carbi.

Na tsefe abin da na iya, na naɗe gashin, na kifa mata hular ulu har kunne.

"In kin ji ƙaiƙayi, ki daure," na ce. "Kada ki sosa a gaban Sista."

Muna isa muka tarar da Sista a ƙofa da ludayi a hannu.

"Nelida, wannan rana haka, kin sa wa yarinya hular ulu? Dafa ta za ki yi?"

"Mura ce, Sista."

"Ba mura ba ce," in ji Ursula. "Mama ta ce kada in sosa a gabanki."

Sista ta ajiye ludayin. Ta cire hular, ta buɗa gashin da yatsa biyu, ta ja dogon numfashi.

"Wannan ai ba baƙi ba ne. Sun gina gari, har da kasuwa."

Hannunta ya nufi ɗamara. Ban san lokacin da na tsaya tsakaninta da yarinyar ba.

"Sista, ki yi mini rai. Gashin nan ba nawa ba ne, ba nata ba ne. Na Yesu ne."

"Madalla. Mutumin da ya sha kambin ƙaya, shi za ki ƙara wa ƙwarƙwata? Hannuwansa riƙe da gicciye, da me zai sosa?"

Matan da ke ferar dankali suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce mata in ta yanke yau, na saɓa bakance, kuma duk tarin da Ursula ta yi daga yanzu ba zan iya barci ba. In kuma ta kore ta, ba ta da abincin rana, don ba ni da inda zan bar ta.

"'Yata, ke kika yi bakance, ni kuma ina da kai sittin."

"Na sani, Sista."

"Kin sani, amma kika zo mini da hula." Ta dube ni, ta dubi Ursula da ke sosa kai da hannu biyu, tunda asiri ya riga ya tonu. "Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha tara."

Ta ɗaga kai sama kamar mai kai ƙara, sannan ta ce a kawo mata mataji mai ƙananan haƙora da man girki.

Haka aka yi. Ursula na cin abincinta a bayan kicin, nesa da sauran yara. Da an gama wanke tukwane, sai Sista ta zaunar da ita tsakanin gwiwoyinta ta hau tsifa. Da yake lokacin addu'arta ne, sai ta haɗa biyun. Ranar da na dawo da wuri na ji ta: "A gaishe ki Maryamu," ƙas! "cike da alheri," ƙas! "tsaya cik, ke 'yar nema!" Ursula ta haddace addu'ar tsaf, sai dai har yau ba ta iya yin ta ba tare da ƙas ɗin ba.

A kwana na goma sha biyar mataji ya fito fes. Sista ta ce ba ta yarda da su ba, ta ci gaba har ranar ƙarshe.

Ranar biki na sa wa Ursula farar riga. A gaban siffar, Sista Teofila da kanta ta zaro almakashi ta datse kitson, ta ɗaga shi a hasken taga ta bincike shi sili-sili kafin ta ajiye a ƙafafun Yesu. Na yi kuka har na ji kunya.

Ana cikin huɗuba na lura da Sista a layin gaba. Yatsa ɗaya ya shige ƙarƙashin mayafinta ya fito. Can ya sake komawa. Da Fada, limamin cocin, ya ɗaga gurasa, kowa ya sunkuya, sai ta sa hannu biyu.

Bayan an tashi ta jawo ni bayan kicin, ta zauna a kan kujerar Ursula, ta cire mayafin. Ɗan guntun gashi ne fari fat, kuma ko daga tsaye ina ganinsu suna kai da kawowa.

"Ashe ba mutuwa duka suka yi ba," ta ce. "Ƙaura suka yi."

"Bari in ɗauko mataji, Sista. Ko kwana ɗari ne zan riƙa zuwa."

Ta kwance almakashin daga ɗamara ta danƙa mini.

"Wane mataji? Doka doka ce. Nawa gashin na ba Yesu shekara arba'in da suka wuce, bai taɓa tambaya ba. Yi sauri, kafin matan dankalin nan su shigo."