Kasuwar da Ba a Ba da Gyara

Jiya wani mafarki ya sungume ni, ni Lantana mai daddawa, ya kai ni inda ko a tatsuniya ban taɓa jin labarinsa ba. Amma bari in fara faɗa muku abin da na kwanta da shi a rai.

Tun haƙorana suna cike nake sayar da daddawa a tsakar gidan nan. Mace ta yi sallama, ta zauna a tabarmata, ta ɗauki ƙulli ta sunsuna, ta ce ta jiya ta fi. In ce mata hancinki ne ya tsufa. In ba ta nata, sannan in gutsuro gyara in damƙe a hannu. Gyarana kuwa ba ya sauka a tafin mace sai ta ba ni labari: wa ta yi yaji, wa aka kai wa lefe, wa ya sayar da tunkiyar matarsa ya ce ɓata ta yi. Gwanarsu duka ita ce ƙawata Tabawa, da ke can ƙarshen layinmu.

Sai jikata Walida, 'yar sakandare, ta ɗauki hoton daddawar ta sa a waya. Ba zan yi wa Allah butulci ba, ciniki ya buɗe, har daga Legas ake aikowa. Waya ta yi ƙara, Walida ta ƙulla a leda, mai keke ya ɗauka. Amma tabarmata ta koma ta kaji. Ita kanta Tabawa, yanzu jikarta ce ke latsowa a kai musu. Rabona da ita tun kafin azumi, kuma ranar a tsakiyar magana ta tashi. Ta ce, "Lantana, kin san abin da aka tarar a ƙasan akwatin lefen 'yar gidan Sarkin Fawa?" Sai aka aiko wai tuwonta na ƙonewa. Ta fita da sauri, ta bar ni da gyaranta a hannu. Ba ta dawo ba. Ni ma ban je ba, don a sanina mai daddawa ake zuwa wa.

To, a mafarkin sai na gan ni tsaye, faifan daddawa a kai, gyaran Tabawa a hannun dama, a bakin wani gari da aka gina da gilashi. A garin ba a tafiya da ƙafa. Wani ƙaton babban yatsa ne yake saukowa daga sama, ya ture titin, sai ka gan ka a wata unguwa. Na gane yatsan, na Walida ne, ga lallen nan da ta sa ranar sunan maƙwabta.

Ya ture ni zuwa wani ofis. Bunsuru ne a kan kujera, da tabarau da hula zanna, yana taunar wayar caji.

Ya ce, "Iya, mabiyanki nawa?"

Na waiwaya. Kazata ce kaɗai a bayana, mai wuyan nan a fige.

Na ce, "Ga ta nan. Ita ma tsaba take bi."

Ya girgiza gemu, ya ce, "Me ya kawo ki?"

"Tabawa nake nema. Akwai saƙonta a hannuna, akwai nawa a bakinta."

"Tana da shafi?"

"Tana da ciwon gwiwa dai."

Ya buga mini hatimi a mayafi da kofatonsa, ya ce in wuce.

A waje ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Ba ruwa ba ne ma sosai, wasu 'yan jajayen zukata ne ƙanana kamar 'ya'yan kanya. 'Yan mata sun kifa robobi a saman kansu suna tara. Wadda ta cika tata sai ta yi tsalle, wadda ba ta samu ba ta zauna tana kuka, hawayen na hawa goshinta suna shiga ɗankwali. Na tambayi wata ko ana miya da su. Ta ce a'a, kallonsu ake yi, da safe sun bushe a sake tara wasu.

Yatsa ya sake ture titi.

Sai ga ni a gaban mai wanki da guga. Fuskoki yake gogewa. Yarinya ta cire tata ta miƙa, ya fesa ruwa, ya danna dutsen guga, ta karɓa fara sol, da ido kamar na saniya, wata ma har da kunnen kyanwa a kyauta. Duk suka fito kamar uwa ɗaya ta haife su.

Ya dube ni ya ce, "Iya, da wannan fuskar ba a ciniki a nan. Kawo."

Kafin in ce wani abu ya zare ta. Da ya danna guga, tsagen gidanmu da ke kumatuna suka zube ƙasa kamar tsinken tsintsiya. Na dubi madubi, sai ga wata yarinya kyakkyawa da ban san ta ba. Wallahi na ɗan tsaya na kalle ta, ba zan ɓoye muku ba, har na gyara ɗauri. Sai na tuna idon Tabawa ba ya gani sosai, da tsagen nan take gane ni. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya na mayar. Wasu sun karkace, na ce ba komai.

Daga nan kasuwa. Ban taɓa ganin kasuwa mai girmanta ba, kuma shiru kamar an yi mutuwa. Ga atamfa, ga turaren wuta, ga kek, ga takalma, amma in ka kai hannu sai ka ji santsi da sanyi, duk hotuna ne. Masu kaya kowace ta kafa ɗan madubi a gabanta tana yi masa murmushi tana juya kaya. Masu saye kuwa ba su da hanci. Fuska ce sumul daga ido har baki. Mutum ya ɓullo ya ce, "Nawa?" kafin a ba shi amsa ƙasa ta haɗiye shi.

Na sauke faifaina na sunsuna. Daddawata, wadda in na buɗe ta har masallaci ake sanin Lantana ta tashi, ba ta da ƙanshin komai. Kamar ruwan randa.

A gefen kasuwar an jibge gulma tuli guda kamar yashin gini, kowa na ɗiba kyauta da shebur. Na ce yau ga ranata. Na ɗebo cikin tafi na kai kunne. Mutanen ciki duk ban san su ba, ban san iyayensu ba, kuma kowa a garin ya riga ya ji. Na zubar. Gulmar da kowa ya ji ai sanarwa ce. Ina daɗinta in ba a matso kusa an rage murya ba, an leƙa ƙofa ko wani na zuwa?

Sai na hango Walida. Tana zaune a reshen wata bishiya tare da sa'o'inta, jere kamar balbelu, wuyan kowa a lanƙwashe.

Na ce, "Ke ja'ira, sauko ki nuna mini gidan Tabawa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kaka, turo mini murya."

"Ga ni a gabanki, 'yar nema!"

"Ba na jin ta baki, sai an ƙulla."

Wata yarinya ta miƙo mini farar leda irin ta zoɓo. Na yi maganata a ciki, na ƙulle, na jefa mata. Walida ta kwance ta saurara, ta miƙo hannu ta zana mini 'yan layuka shuɗaye a goshi, alamar ta ji. Amsa kuwa babu. Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Yarinyar nan a bayana ta yi wayo, har na san inda kitsonta yake fara warwarewa.

Yatsa ya sauko ya ture ni da ƙarfi, har kazata ta yi kuka.

Sai ga Tabawa. Tana bayan wata tagar gilashi, zaune a kan tabarmata, da zanenta mai ruwan ƙasa, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo.

Ta ce, "Lantana, kin yi wuyar gani."

"Ni ko ke? Mai ƙafar yawo ta zama matar kulle."

"Tsagenki sun karkace."

"Bar wannan. Akwatin fa?"

Ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta matso, ta rage murya yadda ta saba. Na miƙa kunne. Ta ce, "Da aka ɗaga atamfar ƙarshe, uwar amarya ta sa hannu, sai ga..."

Sai ta daskare, baki a buɗe. Wani ɗan zobe ya fito a saman kanta yana ta juyawa, yana ta juyawa.

Bunsurun nan ya ɓullo da buhu a kafaɗa da mudu a hannu. Ya ce, "Datarki ta ƙare, Iya."

Na ce, "Auna mini, ka cika, ka yi mini gyara."

Ya ce, "Nan ba a gyara."

Na rabu da shi. Na miƙa hannuna wajen Tabawa da ɗan gutsuren daddawarta, hannun ya bugi gilashi. Na sake, ya sake bugawa. A nan na lura ita ma hannunta a damƙe yake, ɓarin goro ne a ciki, irin wanda take ɓara mini duk zuwa. Ya bushe har ya yi baƙi.

Bunsuru ya ce, "Ɗauki hotonsa ki tura mata."

"Hoto ake sa wa a miya?"

"To ba yadda za a yi. Gyara sai tafi ya taɓa tafi, mu kuwa babban yatsa kaɗai muka yi wa rajista." Ya ɗan tauna bakin mayafina, sannan ya ce, "Akwai dai wata ƙofa ta gefe. Ba mai bin ta, don sai da takalmi ake shiga."

Na dubi ƙafata, babu komai. Na dubi cikin gilashi. Can gefen tabarma sai ga silifas ɗina, su da na Tabawa, sun haɗa kai. Nata na ba nawa labarin akwatin a hankali. Nawa suka ce, "Ke don Allah!" suka kwashe da dariya har suna tafawa. Na manna kunne a gilashin, sanyi kawai nake ji. Na kira su, na ce ku zo nan, marasa kunya, ni na saye ku. Ko waiwayowa ba su yi ba.

Na ga inuwar yatsan tana saukowa. Na ce, "Walida, dakata, kar ki ture ta! Bar mini ita ko a daskare ne!" Yatsan ya taɓa gilashin, Tabawa ta fara zamewa sama, da tabarmar, da goron, da zoben da ke juyawa a kanta.

Ƙil! Ƙil!

Na buɗe ido. Ashe barcin bayan asuba ne ya sace ni, rana har ta hau katanga. Wayar Walida ce ke ƙara a kan turmi, kazar nan tana tsaye a tsakiyar tabarma. Hannuna na dama a damƙe, babu komai a ciki.

Walida ta ɗauki wayar ta leƙo, wuya a lanƙwashe. Ta ce, "Kaka, daga gidan Iya Tabawa ne, suna son daddawa. In kira mai keke?"

Na ce, "Kar ki kira kowa. Miƙo mini mayafina da silifas."

Sai ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Ta ce, "Da kanki? To in sa musu gyara a ledar?"

Na gutsuro shi da kaina na damƙe. Na ce, "Wannan ba ya shiga leda. Sai ta faɗi abin da ke ƙasan akwatin."