Ƙugiyoyin Bangon Don Wilberth

Dattijo Don Wilberth Pech ya tsani matar tun kafin ta buɗe baki. Ta shigo masa gida da takalma masu ƙwas-ƙwas a tsakiyar zafin watan Mayu na garin Mérida, ta tsaya tana ƙare wa falonsa kallo kamar mai taya akuya a kasuwa. 'Yarsa Landy ce ta kawo ta. Wai sunanta Renata Olvera, daga Birnin Mexico, sana'arta tsara cikin gida. Shi dai bai taɓa jin gidan da ya yi kukan a zo a tsara shi ba.

Yana kwance cikin ragarsa ta barci da ke rataye tsakanin bango biyu, ƙafa ɗaya a ƙasa yana lilo a hankali, ko motsin tashi bai yi ba. Ya san inda aka dosa. Tun da ya mallaka wa Landy gidan bara take zancen gyara, take kuma zancen wani ɗaki mai sanyi da ke jiransa a gidanta na garin Cancún. Haka aka yi wa tsofaffin layin nan: a shafa fenti, a rataya fitilu, a kwashe tsoho, a zuba baƙi 'yan yawon buɗe ido. Abu ɗaya yake son sani, bayan gyaran da shi a gidan ko babu shi. Duk sanda ya tambaya sai Landy ta ce, "Baba, gyara ne kawai."

"Don Wilberth, daɓen nan naka abin alfahari ne," in ji Renata, tana duban ƙasa. "Ba wanda zai taɓa shi."

"Madalla. Na gode da kika bar mana abin takawa."

"Baba!" Landy ta harare shi.

"Me na ce? Godiya na yi."

Renata ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ciro jan alli daga jakarta. Duk abin da za a cire sai ta dangwala masa alama. Ta sa wa bangon da ya raba falo da madafa. Ta sa wa tagar da yake leƙen titi ta cikinta. Tsohon yana binta da ido, zuciyarsa na tafasa, har ta iso kusa da kansa ta ɗaga hannu wajen ƙugiyar ƙarfen da igiyar ragarsa ke rataye.

"Ke! Sauke hannunki."

A garin nan ba a tambayar ɗaki nawa gida yake da shi, ƙugiya nawa ake tambaya. Mutum yana da wuri a gida ne idan yana da inda zai rataya ragarsa. Waɗannan kuwa da hannunsa ya kafa su cikin bango, yana sabon ango.

"Ai gado za a sa a nan," in ji Renata. "Babba, na katako mai kyau, da farin gidan sauro."

"Gado! A Mérida! Landy, a ina kika samo wannan? Malama, kin taɓa kwana a garin nan? Ki hau katifa a watan nan mana, da safe a juya ki a soya ɗaya gefen."

"Za a sa na'urar sanyi."

"To a sa miki a ka, can ya fi buƙata. Ku mutanen babban birni haka kuke, ku zo garin mutane da alli, ba ku san komai ba sai rushewa. Uwarki ba ta koya miki gaida manya kafin ki taɓa musu bango ba?"

Nan fa murmushin ya ƙare. Renata ta juyo, fuskarta ta yi ja.

"Don Wilberth, ka bar uwata a inda take. Tun da na shigo kake yanka ni ina haɗiyewa. Kana so ka ji gaskiya? Ni na roƙa a bar ƙugiyoyin nan. Baƙi suna son raga kamar me. Wadda ta ɗauke ni aiki ce ta ce a tone su duka, a cike ramukan, kada a bar ko ɗaya."

Ƙafar tsohon ta daina tura ƙasa. Ragar ta yi ta lilo ita kaɗai har ta tsaya. Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta tsura wa daɓen ido.

"Haka ne, Landy?"

"Baba, ba yanzu ba."

"Yanzu. A gabanta."

Landy ta ɗago. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Haka ne. Ka faɗo daga ragar nan cikin azumin Ista, ka yini a ƙasa, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Ina Cancún aka kira ni, na zaci gawa zan zo ɗauka. Kuma na san halinka. In na bar ƙugiya ko ɗaya a gidan nan, wata ɗaya ba za ka yi a wurina ba, za ka naɗe ragarka ka hau mota ka dawo. Shi ya sa."

"Wato ki toshe rami don kada tsohon ɓera ya koma."

"Kira shi abin da ka ga dama. Na gaji da tsoron ƙarar waya."

Don Wilberth ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. Ba wanda ya yi gigin kama shi. Baƙin ciki ya lulluɓe shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne uwar Landy.

"Malama, ba ta allin."

Renata ta dubi Landy, ba ta miƙa mata ba.

"Ba ta, na ce. Abin da ɗiya ta ƙulla, kada ta aiki baƙuwa. In ta isa, ta sa da hannunta."

A ransa ya tabbata ba za ta iya ba. Landy ta karɓi allin, ta ratsa ta gefensa har kafaɗarta na gogar tasa, ta ja jan layi a kan ƙugiyar. Ta tsallaka ɗaya bangon ta ja wa 'yar'uwarta. Sannan ta tsaya, hawaye na zuba, allin a hannunta.

Tsohon ya daɗe yana kallon alamar. Daga nan ya jawo kujera ya kaɗe mata ƙura da tafin hannu, ya tura wa Renata.

"Zauna, 'yata. Na zage ki a banza, ki yafe mini. Akwai ruwan lemo mai sanyi, bari in kawo miki."

Ya nufi madafa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In kin huta, ki gaya wa matar da ta ɗauke ki aiki cewa ranar Lahadi za ta sami gidanta babu kowa. Ki ce mata kuma kada ta wahalar da kanta wajen gyara ɗakin Cancún."