Kwalba Mai Kaurin Gindi

A ɗakin gwaji, Mardiyya ta sake murɗa na'urar duba ƙwayoyin cuta, sai ta ji ƙas, idon na'urar ya taɓa gindin kwalbar. Ta janye hannu da sauri. Irin na'urar nan ce mai leƙen abu ta ƙasa, gindin kwalaben kuwa kauri gare shi kamar na kofin shayi. Ban da dishi-dishi ba abin da take gani.

Kwana biyar ke nan da ta kwaso ƙananan dodon koɗi daga tafkin wani ƙauye kusa da Dagona, inda rabin 'yan firamare ke fitsarin jini. Ta san a jikin dodon koɗin ne ƙwayar tsargiya mai kawo fitsarin jinin take girma kafin ta fito cikin ruwa. Amma duk ɗigon da ta ɗora a siririn gilashi, zafin Gashua sai ya busar da shi kafin ta gama saiti. Shi ya sa ta koma duba ruwan a cikin kwalaben da ta zuba dodon koɗin.

Goni Zarami, dattijon da ƙauyen ya wakilto, yana zaune a benci. Da la'asar kwamiti zai yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse ɗaya tal da aka samu, shi kuwa ya kafe a kan a haƙa ta a bakin kasuwa.

"'Yata, kakana a tafkin nan ya yi wanka har ya shekara casa'in," in ji shi. "Jinin nan alamar girma ce, duk mun yi. In akwai wani abu, nuna mini."

"Baba, ka ba ni zuwa azahar."

Ana kiran salla Malam Ya'u ya shigo yana share gumi. Shi ya koya mata aiki, yanzu a wani ɗakin gwaji a Nguru yake, tun safe ya shiga mota saboda ita. Ya ciro wani idon na'ura daga aljihu, naɗe cikin hankici.

"Wannan daga nesa yake hange, ba sai ya matsi kwalba ba," ya ce. "Kin ga zoben nan na wuyansa? Ki riƙa juya shi har ya dace da kaurin gilashin."

Ta kwance tsohon, ta ɗaura sabon. Ta juya zoben kaɗan. Babu. Ta ƙara, tana riƙe da numfashi. Sai ruwan ya washe, ga ƙwayoyin nan birjik, suna wutsil-wutsil.

Ta miƙe. "Bismilla, Baba."

Goni ya tura hularsa baya, ya sunkuya.

"Wutsiyarsu a rabe take," ya ce a hankali. "Yaya suke shiga jiki?"

"Ta fata. Wanka kawai ya isa."

"Jikokina shida a ruwan nan suke wuni."

Ya fita baranda da waya. Suna jin muryarsa ta taga, Hausa yana haɗawa da yarensu na Badanci: rijiya a unguwar bakin tafki za a haƙa, shi ya gani da idonsa, ba labari aka ba shi ba. Malam Ya'u ya dubi Mardiyya, ya jinjina mata. Ita dariya ce ta kubce mata, har da ƙwalla.

Goni ya leƙo. "Malam, yau za ka koma da abin nan?"

"Haka na yi niyya."

"Ka kwana, akwai kifi a gidana. Gobe zan kawo mata Liman. Ya fi ni taurin kai."