Mijin Tani Mai Daddawa

Daga Umdurman muka zo Kano, shekarar da aka sauke tutar Ingila a Najeriya. An ɗauko maigidana aikin likita, aka ba mu gida a Nassarawa wanda wani Bature ya tashi ya bari, har da keken tura yara na matarsa. Hausa kuwa a bakin kakata na koya, wadda ta fito hajji a ƙasa ta yada zango a Sudan har ta rasu.

Ranar da na fara zuwa kasuwar Kurmi, Inuwa direba ya ce, "Uwargida, keken nan ba zai bi lungunan ciki ba." Na ƙi ji. A wajen masu kayan miya ya maƙale. Na ce wa Kande mai aikinmu ta riƙe, na juya ina zaɓen kuɓewa. Ina waiwayowa, keke wayam. Babu ɗana Muntasir, wanda ko yaye shi ban yi ba.

"Ina yaron?"

"Matarsa ta ɗauke shi," in ji Kande tana dariya. "Iya Tani mai daddawa. Ta ce mijinta ya zo, za ta zaga da shi a gan shi. Wasan tsofaffi ne, uwargida."

"Kin san ta?"

"A'a, yanzu na ji ana kiran ta."

Allah ne ya riƙe hannuna ban mare ta ba. Na watsar da kuɓewar na kutsa lungu, ina ƙwala masa kira. Jakuna da kaya, masu dako, kwata a buɗe. Ko'ina na duba sai in ga abin da zai halaka shi. Wasu mata suka kama baki.

"Ɗan fari ne fa, in ji yarinyarta. Ji yadda take rangaɗa sunan, ko kunya babu!"

"Ku riƙe kunyarku," na ce, "ku nuna min inda ta bi!"

A bayan rumfar masu tukwane na same shi, zaune a cinyar wata tsohuwa mai jan haƙora. An rambaɗa masa kwalli, hannunsa dumu-dumu da alewa. Na fizge shi har ya tsala ihu.

"Kai, 'yar nan, a hankali, kada ki karya min miji! Ai ɗa na kowa ne."

"Wannan nawa ne, Iya! Wa kika tambaya?"

"Wa zan tambaya? A amalanke na tsince shi kamar buhun gero. Wanda aka goya, wa ya isa ya ɗauka?"

Aka tuntsire da dariya. Na rungume ɗana na juya, dariyar nan ta fi komai ƙona min rai.

Ban bar kasuwar ba sai da na sayi zane da majanyi. Kande ta ɗora min yaron a baya, ta nuna min ɗaurin. Keken na ce Inuwa ya jefa bayan gareji. Maigidana da ya ji labari shi ma dariya ya yi, ranar sanwar da ya ci babu gishiri.

Tun daga ranar, duk Asabar sai na bi ta gaban Tani.

"Mijina! Zo ka ba ni kuɗin cefane!"

Yakan miƙa mata hannu yana zillo. Ni kuwa sai in ƙara tamke majanyin, in wuce in sayi daddawata a gaba.