Ɗan Lofen da Aka Sayo a Sapporo

Eberhard Uhlig yana goge maiƙon nama daga fuskar wani ɗan mutumin katako, yana ta tsaki. Wani ne ya ɗauka da hannun da ya ci nama, ya yi hoto da shi, ya dire ya wuce. Kasuwar Kirsimeti ta Annaberg, a Jamus, ta cika maƙil tun da rana tsaka. Tsamin giyar da ta zube a ƙasa ya gauraye da ƙaurin albasa, ga aman wani ƙato a bayan rumfar tun hantsi, an rasa mai sharewa. Shekara arba'in da ɗaya Eberhard yana sassaƙa 'yan lofe, wato 'yan mutanen katako masu lofe a baki, yana kawowa wannan rumfa, bai taɓa jin ƙyamar mutane kamar bana ba.

"Baba, ka ɗan saki fuska mana," in ji ɗansa Torsten, wanda yanzu shi ke aika kayansu ƙasashen waje. "Kana korar mana masu saye."

"Masu saye ko masu shafa mana mai?"

Sai ga wata mata ta kutso, hularta cike da 'yan bajoji, baki har kunne. Ta ce sunanta Hiltrud, daga Hamburg, kuma tun da ta yi ritaya ba ta da aiki sai bin kasuwannin Kirsimeti. Ta je Chicago, ta je Vienna, bara har Japan.

"Malam Uhlig, kai ne da kanka? Wayyo daɗi! A Sapporo, can Japan, na sayi aikinka, na rantse sai na zo ka sa mini hannu."

Ta warware wani ɗan lofe daga cikin gyale. Eberhard ya karɓa, nan take ya ji hannunsa ya ƙi shi. Ba nauyi. Fentin yana walƙiya kamar an lashe shi, gemun kuwa gashin roba ne aka manna da gam har ya dalalo. Ya juya ƙasansa. Hatiminsa ne ƙone a jikin katakon, sunan gidansu, Uhlig, ɓaro-ɓaro, har da 'yar tsagar da ƙarfen hatimin ya yi tun zamanin mahaifinsa. Ƙarfen nan guda ɗaya ne a duniya, kuma mutum biyu ne ke da makullin ɗakin da yake, shi da ɗansa.

Ya dubi Torsten. Torsten ya sunkuya yana gyara akwatunan da ba su buƙatar gyara.

"Kin taɓa kunna shi?" Eberhard ya tambayi matar.

"Kunnawa? Ai ado ne."

Ado! Ko yaron goye a garin nan ya san ana raba ɗan lofe biyu ne a kugu, a sa masa turaren wuta a ciki, a rufe, hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa. Eberhard ya buɗe shi, ya kunna turare, ya mayar ya ajiye a kan teburi. Mutane suka taru suna leƙe.

Bakin ɗan lofen shiru, ba hayaƙi. Ashe ko huda shi ba a yi ba, ɗigon baƙin fenti ne kawai. Can sai hayaƙi ya fara sulalowa ta ƙarƙashin rigarsa, ta baya, da warin ƙonanniyar roba. Wani mai gasa nama a rumfar kusa ya kwashe da dariya.

"Kai, Uhlig, me ka ba shi ya ci? Wake?"

Kasuwa ta ɗauka. Eberhard ya ɗauko wani aikin hannunsa, ɗan lofe mai siffar mai haƙar ma'adinai da ya ci masa mako guda, ya miƙa wa matar.

"Riƙe wannan, baiwar Allah, kyauta. Ki bar mini wancan."

Ta jujjuya shi, ta yamutsa fuska. "Ayya, na gode, amma wannan hancinsa ya ɗan karkace. Nawa ya fi kyau. Ka dai sa mini hannun."

Torsten ya matso kusa da kunnensa. "Baba, don Allah ka sa ta tafi. Kai nawa kake iya yi a shekara da wannan hannun naka? Masu sayenmu na waje dubu suke nema. Ba wanda ke kunnawa a can, wallahi ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Dubu nawa ka ƙona wa sunana?"

Matar ta miƙo alƙalami, tana murmushi, wayarta a ɗage tana ɗauka.

Eberhard ya karɓi alƙalamin. Ya kamo hannun ɗansa, ya buɗe tafin, ya danƙa masa, ya ɗaga murya yadda mai gasa nama ma zai ji.

"Kin yi sa'a, baiwar Allah. Ga mai aikin nan da kansa. Torsten, sa mata hannu. Ka rubuta sunanka na yanka, na gidan ka bar mini."