Ɗamara Biyu, Mutum Uku

A garin Itoman, duk mai son sanin wanda zai samu baƙar ɗamara a makarantar karate ta Sensei Ganeko, wato Malam Ganeko, ba sai ya jira ranar jarrabawa ba. Ya bi layin bayan kasuwa kawai, ya tsaya a shagon Obaa Tsuru, wato Kaka Tsuru, mai surfani, ya yaba mata furannin bakin ƙofarta. Kafin ya rufe baki ta gama jera masa sunaye. Dalili kuwa, Sensei mutum ne mai tsari. Saura kwana goma yake kai mata sababbin ɗamaru ta ɗinka wa kowace sunan mai ita da zaren zinariya, don ranar ya miƙa wa mutum tasa nan take. Ita kuwa Tsuru, allurarta ba ta kuskure, bakinta ba ya rufuwa.

Toyoko mai kifi ta fi kowa sanin haka, don abin ya taɓa ƙona ta.

Tana da shekara arba'in da huɗu ta fara. Kifi ta kai wa matar Sensei, lokacin marigayiyar tana raye, sai ta ji ana ƙaraji a ciki, ta leƙa. Ta tarar Sensei yana yi wa wasu ƙarti faɗa wai muryarsu ba ta fita. Toyoko kuwa tun tana yarinya ake ce mata ta rage murya. In ta kira mai saye daga rumfarta, har masu jiragen kamun kifi kan waiwayo. Ta dire kwandon ta ce a gwada ta. Tsawa ɗaya ta buga, aka ce har agogon bango sai da ya karkace. Wasu sun ce dama a karkace yake, amma ba su ne suka fi yawa ba. Ta yi shekara biyu da farar ɗamara, uku da koriya, sannan ta samu mai ruwan ƙasa ta zauna a kanta shekara bakwai cur.

Shekara uku da suka wuce, Tsuru ta raɗa mata cewa sunanta na ciki, ai da hannunta ta ɗinka shi. Toyoko ta soya ƙosan kifi faranti huɗu, ta gayyaci rabin kasuwa, har gashi ta je aka nannaɗa mata. Ranar jarrabawa ta shiga kata, wato jerin taku da naushin nan da mutum ke yi shi kaɗai kamar yana faɗa da waɗanda ba a gani, amma idonta na kan taga tana ƙirga wa ya zo wa bai zo ba. Ƙa'idar kata kuwa, inda ƙafarka ta tashi nan za ta dawo. Toyoko ta ƙare nesa da wurinta da taku ɗaya da rabi. Sensei ya hana ta ɗamarar. Washegari ya mayar wa Tsuru ɗamarar ta warware sunan. Ƙosan kuwa 'yan gayya suka cinye shi tas, suna ba ta haƙuri da baki cike.

To bana ga shi Sensei ya sake kiran sunanta cikin mutum uku da za a gwada. Kuma bana ce ta ƙarshe, don likita ya ce gwiwarta ta hagu ta cinye. Bayan sabuwar shekara za a yi mata aiki, daga nan tafiya dai za ta yi lafiya lau, amma durƙuson karate ya ƙare.

Saura kwana tara, da hantsi, sai ga Tsuru da 'yar lemarta a gaban rumfa.

"Toyo-chan, kifin nan na yau ne?"

"Obaa, shekara talatin kina yi mini wannan tambayar. Faɗi abin da ya kawo ki, tun daga wajen masu awarar tofu na hango leɓenki na rawa."

"Ni? Ni bana na yi rantsuwa ba ruwana."

"To kin kyauta. Wanne zan yanka miki?"

Tsuru ta latsa cikin wani jan kifi, ta latsa na kusa da shi, ta dubi sama.

"Ba zan faɗi komai ba. Zaren zinariyar dai da na saya, da saura. Da saura sosai."

Wuƙar Toyoko ta tsaya a tsakiyar kifi. "Guda nawa ya kawo?"

Tsohuwa ta ɗaga yatsu biyu a bayan lema, wai don kada a gani, alhali mai tofu da mai kayan lambu duk sun miƙo wuya.

"Mu uku ne fa, Obaa."

"Ni za ki gaya wa? Kenyu direban tasi, da yarinyar nan Rieko ta asibiti. Har jakar na kife na kakkaɓe ko taki ta maƙale. Takardar shago kawai ta faɗo. Amma kada ki ce ni na faɗa."

Kafin rana ta yi tsaka labari ya kai bakin teku ya dawo. Da Toyoko ta isa gida, mijinta Seitoku yana tsakar gida yana gyaran koma, shi ma ya riga ya ji.

"Ba za ni ba," ta ce tun kafin ta cire takalmin roba. "In je in tsaya a gaban mutane a yi mini dariya karo na biyu?"

"Gaskiya ne," in ji Seitoku, bai ko ɗago ba. "Ki huta. Ki zauna ki riƙa dafa mini shayi kamar matan mutane."

"Ka ga na yi kama da matan mutane?"

"Ban ce ba. Ni dai shekara talatin da biyar ban taɓa ganin kin bar kifi rabin fiɗa kin tashi ba. Amma mutum yakan canza in ya tsufa."

"Wa ya tsufa?"

Ya ci gaba da ɗaurin komarsa yana murmushi cikin gemu.

Da yamma ta ɗauki mabuɗin makarantar, don ita ke buɗewa ta yi shara, ta tafi mayarwa. Ta tarar da Sensei zaune shi kaɗai. Shekarunsa saba'in da takwas, gaɓoɓin hannunsa sun yi kanta kamar dutsen bakin teku saboda naushin turke. Amma yau kan yatsunsa huɗu duk a naɗe suke da filasta.

"Sensei, me ya sami hannun?"

"Kyanwa."

"Ai ba ku da kyanwa."

"Ta maƙwabta." Ya tura hannun cikin hannun riga. "Ranar Lahadi ta sama, ƙarfe tara. Ki zo da wuri, daɓen nan na son goga."

Ta dube shi, ya dube ta, fuskarsa kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Wato ya hana ta ɗamara, kuma ita za ta goge masa daɓe. Wani haushi ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ta mayar da mabuɗin aljihu, ta rusuna, ta fita. A hanya ta yanke shawara. Tunda ba ɗamara, ba abin da za ta rasa. Kata ɗaya ta rage mata a duniya da gwiwar da aka haife ta da ita, kuma sai tsohon nan ya gan ta da idonsa.

Daga ranar bayan kasuwa ya zama makaranta. Kullum da an tashi ciniki, Toyoko ta tura akwatunan ƙanƙara gefe, mai tofu ta zana mata da'ira da alli a kan siminti, ta tsaya a ciki ta fara. Mata suka yi layi a kan akwatuna kamar alƙalai, ba wadda ta taɓa ɗaga ƙafa a cikinsu, amma kowa da gyaranta.

"Kin fita da ɗan yatsa biyu."

"Uku ne, ke idonki ya mutu."

"Toyo-san, ki rage tsawar, kaguwata duk sun ɓuya."

Mai kayan lambu takan kai mata hari da dogon farin rogon nan na miya, Toyoko ta kare, rogon ya rabu biyu, a kwashe da shewa. A kwana takwas an yi asarar guda goma sha ɗaya, duk an dafa su. In an gaji sai a koma kan yatsun Sensei. Wasu suka ce wani ɓoyayyen horo ya fara, yana soka yatsu cikin tsakuwa. Tsuru ta ce ƙarya ne, girki yake koya, kuma namiji mai shekara saba'in da takwas ba ya koyon girki sai da dalili, a dai sa ido a kan bazawarar nan mai shagon magani.

Ranar Lahadi Toyoko ta goge daɓe tun ƙarfe bakwai, sai da katako ya yi ƙyalli. Ba ƙosai, ba gyaran gashi, ta ɗaure kanta da tsohon ƙyalle. Amma tagogi sun cika fiye da wancan karon, kai a kan kai, lemar Tsuru a sahun gaba. Seitoku ya tsaya can baya yana yi kamar wucewa ya zo yi.

Kenyu ya fara, ya yi tasa da ƙarfi, gumi na ɗiga. Rieko ta yi tata a tsabtace kamar ana ninke zanen gado. Sannan Sensei ya ce, "Uehara Toyoko. Passai."

Akwai wani baƙin ido, ƙullin itace, a jikin katakon tsakiya, shekara goma sha biyu tana goge shi. Ta ɗora dugaduginta a kai, ta rusuna. Ta faɗi sunan katar da muryar kasuwa, tattabarun kan rufi suka tashi.

Ta yi tsalle ta dira, hannu ya kare, ƙugu ya juya, rigar ta yi ƙara kamar an kaɗa bulala. Yau taga ba ta nan, mutane ba su nan. Wanda ya zo ta dama ta ture hannunsa, ta juya ta tari na baya, ta ja ɗaya ta take masa gwiwa. Wajen durƙuso mai zurfin nan tata gwiwar ta ce ƙas, har 'yan taga suka ji, mai tofu ta toshe baki. Zafi ya harba mata har ƙeya. Toyoko ta tattara zafin duka ta zuba shi cikin tsawa, wani jariri a waje ya fasa kuka. Ta miƙe, ta kai naushi biyun nan na sama da ƙasa sau uku, ta share ƙasa da hannu dama da hagu, ta ja baya, ta haɗa ƙafa.

Ba ta duba ƙasa ba. Da fatar dugaduginta ta ji shi, ɗan tudun baƙin idon nan, daidai inda ta bar shi.

Aka zauna a jere. Sensei ya jawo jakar takarda mai tambarin shagon Tsuru. Ya kira Kenyu, ya kira Rieko, ya miƙa wa kowa tasa, ya ninke jakar ya ajiye. Toyoko ta tafa musu da gaske. Abin mamaki, ranta fari tas, har tana tunanin taliyar da za ta ci.

"Uehara Toyoko."

Ta ɗauka batun daɓe ne. Sai ta ga tsohon ya sa hannu cikin ƙirjin rigarsa ya zaro wata baƙar ɗamara, sabuwa, tana da ɗumin jikinsa. Ta rarrafa gaba ta karɓa da hannu biyu. Ga sunanta da zaren zinariya, amma kai, wane irin ɗinki. Wani harafi ya kwanta, wani ya kumbura, zare ya yi ƙulli nan da can kamar komar Seitoku bayan guguwa. Ta dubi ɗinkin, ta dubi yatsun nan masu filasta.

"Sensei, kyanwar ce ta yi wannan?"

"A birnin Naha na sayo ta, bas biyu na hau don kada a gan ni," ya ce. "Wancan karon tun a kasuwa kika ɗaura ɗamara, jikinki kawai ya zo nan. Na san bana ma za a ƙirga miki, shi ya sa na kai wa Tsuru biyu. Da kin kauce ko da ɗan yatsa, da a rigata za ta koma gida."

Ai sai tagogi suka ɗauka. Ana tafi, ana guɗa irin ta bakin teku, mai kayan lambu ta fara rawa da hannu sama, Seitoku ya sa yatsu a baki ya yi fito har sau uku, shi da ya ce wucewa yake. Toyoko ta kwance mai ruwan ƙasar da ta koɗe, ta ɗaura baƙar, ta ja ƙullin da ƙarfi, tana dariya hawaye na bin kumatu.

A bakin ƙofa Tsuru ta tare ta, ta kama bakin ɗamarar ta kawo shi dab da hanci.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin? Ko jikata 'yar shekara shida ba za ta yi haka ba. Kawo in warware in sake miki, zuwa gobe kin samu."

"Kin warware mini ɗaya, Obaa, ta isa. Wannan ko zare ɗaya kika taɓa, sai na nuna miki abin da ya sami rogon nan."

"To shi ke nan, ki yi ta yawo da ita a yi ta nuna ki." Tsuru ta saki, sai kuma ta tsaya cak, idonta ya kawo haske. "Tsaya. Wato mutumin da ke fasa bulo da hannu, allura ce ta yi masa jina-jina?"

"Ni ban ce ba."

"Ai ba sai kin ce ba."

Ta buɗe lema ta miƙi hanyar kasuwa, da saurin da ba a taɓa sanin ƙafafunta na da shi ba.